Fina-finan Binciken Kisa a Ƙananan Garuruwan Mormon: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na mai kallo ne da ya ci karo da fim ɗin da aka tsinci gawa a wani ƙaramin gari na jihar Utah ta Amurka, sai ya ga rabin labarin a coci yake gudana, ya rasa gane inda aka dosa. Zai kuma amfani mai sha'awar rubuta irin wannan labari. Dole a taɓa ƙarshen wasu fina-finan, amma inda labarin ƙirƙira ne an sakaya sunan mai laifi.

Me ya bambanta irin wannan fim da sauran fina-finan 'yan sanda?

Ginshiƙin ɗaya ne da na kowane labarin bincike: gawa, mai bincike, waɗanda ake zargi, sai tonon asiri a ƙarshe. Wurin ne ya bambanta. Gari ne mai mutum dubu kaɗan, kusan dukansu cocinsu ɗaya, kuma cocin ne ke tsara musu mako: wa zai ziyarci wa, wa zai kai wa mai jego abinci, wa zai koyar da yara ranar Lahadi. Don haka wanda mai bincike ya titsiye da tambayoyi ranar Talata shi ne zai zauna kusa da shi ranar Lahadi, ya kira shi ɗan'uwa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma kusan duk fim mai kyau a wannan layi a kan haka ya doru: mutanen garin suna fara ɗora laifi a kan baƙo, ma'aikacin gini ko matafiyi, kafin gaskiya ta tilasta musu su duba cikin gida.

Su wane ne 'yan Mormon ɗin?

Sunan cocinsu Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Joseph Smith ya kafa shi ranar 6 ga Afrilu, 1830 a jihar New York, a shekarar da aka buga Littafin Mormon, wanda suke karantawa tare da Littafi Mai Tsarki. An kashe Smith a kurkukun Carthage da ke Illinois a 1844, sai Brigham Young ya ja jama'ar zuwa yamma, ya isa kwarin Salt Lake ranar 24 ga Yuli, 1847. Har yau wannan rana hutu ce a Utah. Shugaban cocin suna ɗaukarsa annabi mai rai wanda ke karɓar wahayi domin coci gaba ɗaya. Mabiya sun haura miliyan 17 a duniya, har da Najeriya da Gana, inda suke da haikali a Aba da Accra. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya nemi a daina kiransu da laƙabin Mormon, amma fina-finan da ake magana a kansu duk da wannan suna aka san su.

Abin da mai kallo zai riƙe shi ne tarihin korar da aka yi musu daga gari zuwa gari. Shi ya gadar musu da ɗari-ɗari da hukumar waje, kuma marubuta suna cin moriyar wannan sosai.

Yaya tsarin cocin yake a ƙaramin gari, kuma me ya haɗa shi da bincike?

Nan ne zuciyar al'amarin. Mutum ba ya zaɓen ikilisiyar da zai riƙa zuwa; inda gidansa yake shi ke yanke masa. Ana shata unguwa a taswira, a kira ta wad, yawanci mutum ɗari kaɗan. Wad biyar zuwa goma sha biyu su ke haɗuwa su zama stek, ƙarƙashin shugaban stek. A garin da kusan kowa mabiyi ne, wad ɗaya ba ta wuce 'yan layuka kaɗan.

Shugaban wad shi ne bishop, kuma kada sunan ya ruɗe ka. Ba malamin coci ba ne da ya yi karatun tauhidi, ba ya karɓar albashi. Magidanci ne mai sana'arsa, manomi ko likitan haƙori ko ɗan sanda, wanda shugaban stek ya ba da sunansa, hedkwata ta amince, jama'a suka ɗaga hannun goyon baya. Yakan yi kamar shekara biyar da mataimaka biyu, sannan a sauke shi ya koma cikin sahu. Idan ana neman kwatance, kamar a haɗa liman da mai unguwa ne a jikin mutum ɗaya. Shi ke sauraron wanda ya zo furta zunubi, shi ke raba tallafi ga mabukata, shi ke ganawa da kowa a ƙarshen shekara kan ushirin da ya bayar, wato kashi goma cikin ɗari na abin da ya samu. Ya san wanda aurensa ke tangal-tangal, ya san wanda bashi ya yi wa katutu.

Ƙarƙashinsa akwai magatakarda mai riƙe da rajistar kowa, da shugabar ƙungiyar mata da aka kafa tun 1842, wadda sau da yawa ta fi bishop sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Akwai kuma maza biyu-biyu da aka raba wa gidaje su riƙa ziyarta. Kafin 2018 ziyarar ta wata-wata ce, da ba da rahoto. Duk wannan yana nufin labari yana zagaya gari cikin awa ɗaya, kuma ana iya tara mutum ɗari su fita neman wanda ya ɓata kafin magariba. Illarsa ita ce wanda ke cika duk waɗannan ayyuka ba a zarginsa, ko kaɗan.

Da wane fim ya kamata a fara?

Da Brigham City na 2001, wanda Richard Dutcher ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumi. Shi ne asalin misalin wannan layi, kuma har yanzu ba a yi wanda ya fi shi fahimtar ibadar talakan mabiyi ba. Garin cikin fim ɗin ƙirƙira ne; akwai Brigham City ta gaske a arewacin Utah, amma an ɗauki yawancin aikin a Mapleton.

Wes Clayton shi ne sherif na garin, wato shugaban 'yan sanda, shi ne kuma bishop. Matarsa da ɗansa sun rasu a haɗarin mota, shi ma ya fito da ɗingishi. Wata rana shi da mataimakinsa suka tsinci gawar wata baƙuwa a bayan gari. Abin da ya fara yi shi ne miƙa maganar ga jami'an FBI, yana fatan a kwashe komai a tafi ba tare da garin ya sani ba. Da aka sake kashe 'yar gari sai wannan fata ya rushe. Daga nan ya juya ga abin da ya fi sani: ya tara mazan coci ya tura su biyu-biyu gida-gida, kamar yadda 'yan mishan ke yi. Aka tattara kwalaben mashaya domin ɗaukar zanen yatsu, saboda tunanin kowa ya tafi kan masu shan giya. Binciken gidajen bai kamo mai kisa ba, sai ya tona asirin wani bawan Allah da ke ɓoye hotunan batsa, aka kunyata shi a banza. Mai laifin kuwa wani ne da Wes ya amince da shi, bai taɓa bincikar tarihinsa ba. Wilford Brimley ya fito a matsayin tsohon sherif mai ritaya, kuma fitowarsa na daga cikin abubuwan da ke sa garin ya zama kamar na gaske.

Da gaske mutum ɗaya zai iya riƙe muƙaman nan biyu?

Zai iya. Sherif shugaban 'yan sandan gunduma ne da jama'a ke zaɓa duk shekara huɗu, kuma Utah na da gundumomi 29. Bishop kuwa aikin sa kai ne. Babu dokar da ta hana su haɗu a kan mutum ɗaya.

Inda matsalar take shi ne sirri. Dokar shaida ta Utah ta kare abin da mutum ya furta wa shugaban addininsa a asirce. Ba a tilasta wa shugaban ya faɗa a kotu ba da yardar mai furucin ba. Cocin ma ya ɗora wa bishop riƙe sirri, sai fa idan akwai ran da ke cikin haɗari. To idan wani ya shigo ofishin coci ya ce, "Bishop, ina da magana," wanda ke zaune a kujerar yana da bajo a aljihu. Abin da ya ji a nan ba zai iya kai shi kotu ba, kuma ba zai iya mantawa da shi ba. Lauyan wanda ake tuhuma zai nemi a yi watsi da duk shaidar da ta samo asali daga wannan zama. Haka binciken gida-gida: gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka ya hana shiga gidan mutum ba takardar izini daga alƙali, sai da yardar mai gida. Amma idan bishop ɗinka ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, maƙwabta na tsaye suna kallo, yardar da ka bayar ta son rai ce? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta riƙe fim guda.

Me ya sa kowa ke maganar fitowar ƙarshe ta Brigham City?

Domin wanda bai san tsarin jibin Ubangiji a wurinsu ba zai ga mutane ne kawai zaune shiru, alhali a nan fim ɗin ya sauke duk kayan da ya ɗauko. Ga yadda ake yi kowace Lahadi. Tun kafin a taru, samari sun jera tire na burodi da na ƙananan kofunan ruwa a kan tebur, sun rufe da farin mayafi. Ruwa suke sha, ba ruwan inabi ba. Ana rera waƙa, samari masu kimanin shekara goma sha shida zuwa sama suna gutsuttsura burodin da hannu. Ɗayansu ya durƙusa ya karanta addu'a wadda dole ta zo kalma da kalma. Idan ya yi tuntuɓe, bishop zai yi masa alama ya sake. Sai yara 'yan kimanin shekara goma sha biyu zuwa sha uku su ɗauki tiren. Wanda ke shugabantar taron, a zaune a kan dandamali yana fuskantar jama'a, shi ake fara miƙa wa. Bayan ya ɗauka ne tire ke bin layi, kowa ya ɗauka ya miƙa wa na kusa.

Wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi ba ya ɗauka. Wes na ganin sakacinsa ne ya jawo asarar rayuka, sai ya ƙi miƙa hannu, a gaban kowa. Tire ya zagaya, babu wanda ya taɓa. Jama'ar sun ƙi ci idan shi bai ci ba. Sai da aka sake kawo masa ya ɗauka cikin kuka, sannan sauran suka bi. Ba a yi dogon jawabi ba, kuma babu buƙata. Darakta ya dogara da abu ɗaya tak, wato cewa shugaba ake fara ba, ya gina hukunci da afuwa a kansa.

Under the Banner of Heaven labarin gaskiya ne?

Kisan gaskiya ne, mai binciken ƙirƙira. Shiri ne mai kashi bakwai da ya fito a 2022, Dustin Lance Black ya tsara shi daga littafin Jon Krakauer na 2003, an kuma ɗauke shi a Alberta ta Kanada.

Abin da ya faru: ranar 24 ga Yuli, 1984, ranar hutun nan ta tunawa da isowar kakanni, aka kashe Brenda Lafferty mai shekara 24 da 'yarta Erica mai wata 15 a gidansu da ke American Fork. Yayyen mijinta biyu, Ron da Dan Lafferty, su suka aikata. Dukansu cocin ya riga ya kore su, sun shiga wata ƙaramar ƙungiya mai kiran kanta Makarantar Annabawa. Matar Ron ta bar shi ta tafi da yara, shi kuma yana ganin Brenda na cikin waɗanda suka ƙarfafa mata gwiwa. Ya rubuta abin da ya kira wahayi, mai umartar a kawar da ita da jaririyar da wasu mutum biyu, ciki har da shugaban stek ɗin da ya jagoranci korarsa. An kama su a Reno ta Nevada cikin watan Agusta. Dan ya samu ɗaurin rai da rai. An yanke wa Ron hukuncin kisa a 1985, kotu ta soke, aka sake shari'a a 1996 aka sake yanke masa, ya mutu a tsare a 2019 kafin a zartar.

Jeb Pyre, ɗan sandan da Andrew Garfield ya fito a matsayinsa, babu shi a tarihi, haka abokin aikinsa Bill Taba, ɗan ƙabilar Paiute. An ƙirƙiro Pyre ne domin mai kallo ya ga mabiyi na ƙwarai yana rasa natsuwar imaninsa a hankali. Ƙarfin shirin yana wajen nuna yadda girman sunan dangi ke rufe bakin mata da shugabanni. Rauninsa shi ne yadda yake yanko fitowa daga tarihin ƙarni na sha tara ya manna kusa da kisan, har mai kallo ya ɗauka wannan ne ya haifi wancan kai tsaye. Hasadar Ron da ɓacin ransa kan mutuwar aurensa sun cancanci a tsaya a kansu fiye da yadda aka yi.

Ashe ba su ne masu auren mata da yawa ba?

A da. Shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, aka ƙara tsaurara hanin a 1904, kuma yau duk mabiyin da ya ƙara aure a kan matarsa korarsa ake yi. Waɗanda suka ci gaba ƙungiyoyi ne da suka ɓalle. Mafi shahara ita ce FLDS, a garuruwan Hildale da Colorado City da ke bakin iyakar Utah da Arizona, wadda shugabanta Warren Jeffs ke ɗaurin rai da rai tun 2011 bisa laifin lalata da ƙananan yara. Idan ka ga mata da dogayen riguna masu launi ɗaya har idon sawu, gashi a tufke a sama, ɓallallun ne. Fim ɗin da ya zuba su a coci ɗaya da sauran mabiya bai yi bincike ba.

Mene ne "fansar jini" da ake yawan ambata?

Koyarwa ce da Brigham Young da wasu shugabanni suka yi wa'azi da ita a shekarun 1850: wai akwai zunuban da girmansu ya kai sai an zubar da jinin mai su kafin ya samu gafara. Cocin na yau ya ce ba aƙidarsa ba ce, ya kuma maimaita haka a 2010 lokacin da jihar Utah ta harbe Ronnie Lee Gardner, wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Amma ɓallallu irin su 'yan Lafferty sun riƙe ta. A shekarun 1850 ɗin ne kuma aka yi kisan Mountain Meadows na 11 ga Satumba, 1857, inda mayaƙan sa kai na Mormon suka hallaka matafiya kusan 120. Mutum ɗaya, John D. Lee, aka kashe a kan laifin, bayan shekara ashirin.

Ga marubuci, wannan makami ne mai kaifi biyu. Idan mai kisa ɗan ɓallalliyar ƙungiya ne da ya haƙo tsofaffin wa'azozi, ya zauna daidai. Idan aka sa bishop na gari a yau yana ba da umarnin haka, labarin ya bar ƙasa.

Labarin bama-baman 1985 fa?

Shi ne Murder Among the Mormons, shirin gaskiya mai kashi uku na Netflix a 2021, aikin Jared Hess da Tyler Measom. A birnin Salt Lake ya faru, amma cikin ƙaramin da'irar dillalan tsofaffin takardu da kowa ya san kowa. Mark Hofmann ya shekara da shekaru yana ƙirƙirar takardun jabu na tarihin cocin yana sayarwa. Mafi shahara wasiƙa ce da ke cewa wata farar halitta mai kama da ƙadangare, salamanda, ce ta bayyana ga Joseph Smith a maimakon mala'ika. An saye ta dala dubu 40. Da bashi ya kai masa wuya, ranar 15 ga Oktoba, 1985 ya dasa bama-bamai biyu da suka kashe Steven Christensen da Kathy Sheets. Washegari bam na uku ya tashi a motarsa ya ji masa rauni.

Abin koyi a nan shi ne yadda aka kama shi. Yakan yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai domin takardar ta zama ta zamanin, ya haɗa tawada da irin haɗin da, ya tsufar da ita da sinadari. Masana biyu, George Throckmorton da William Flynn, suka lura cewa a ƙarƙashin madubin ƙara girma tawadar takardunsa ta tsattsage kamar fatar kada, abin da ba a gani a takardun asali. Sinadarin ne ya yi wa ƙaron da ke cikin tawadar haka. Ya amsa laifinsa a Janairun 1987.

Waɗanne ƙananan alamomi ne mai kallo zai sa wa ido?

Kofi shi ne na farko. Dokar lafiyarsu ta 1833 ta hana giya, taba, kofi da baƙin shayi, don haka kofin kofi a hannun mutum yana gaya maka ko baƙo ne, ko ya ja baya da coci, ko yana da abin ɓoyewa. Na biyu farar rigar ciki da waɗanda suka shiga haikali ke sawa dare da rana, wadda a al'adance ke rufe kafaɗa ta sauka har gwiwa. Likitan da ke duba gawa zai gane matsayin mamaci daga ita. Na uku ƙaramin katin izinin shiga haikali, mai aiki shekara biyu, wanda sai an amsa tambayoyin bishop da na shugabannin stek ake samu. Wanda katinsa ya ƙare bai sabunta ba, akwai dalili.

Ka saurari kiran suna. Tsakaninsu ɗan'uwa wane, 'yar'uwa wance ake cewa da sunan dangi. Lokacin da wani ya daina cewa Bishop ya koma Sherif, zumunci ya ƙare. Lahadin farko ta kowane wata kuma ta azumi ce, inda duk mai so zai tashi ya ba da shaida a gaban jama'a ba tare da an tsara ba. Marubuta na son wannan zama, domin mai laifi da iyayen mamaciya duk suna ɗaki ɗaya, kuma makirufo a buɗe yake.

Waɗanne kurakurai masu shirya fim suka fi yi?

Sanya gicciye a majami'a. Ba sa amfani da shi, hasumiya ce siririya kawai. Sa wa bishop doguwar riga ko farin abin wuya na fada, alhali kwat da taye yake sawa kamar kowa. Rikita majami'a da haikali: ibadar Lahadi a majami'a ake yi, kowa na iya shiga, haikali kuwa rufe yake ranar Lahadi kuma sai mai kati. Ɗan sanda ba zai kutsa haikali yana neman taron jama'a ba.

Sai kuskuren zamani. Taron Lahadi awa uku ne har zuwa ƙarshen 2018, daga 2019 ya koma biyu. Samarin mishan daga shekara 19 suke fita kafin 2012, yanzu daga 18. Kafin 1978 baƙar fata ba ya samun matsayin firist. A ɓangaren doka kuma, kisan kai laifin jiha ne; FBI ba ta karɓe bincike haka kawai, sai an gayyace ta ko laifin ya ƙetare iyakar jiha. Gawa kuma ofishin likitan binciken gawa na jiha ake kai wa, ba likitan gari ke yanke hukunci ba.

Mafi muni shi ne a mayar da mutanen garin duka mugaye masu murmushi, ko duka waliyyai. Ta kowace fuska tsoron ya tafi, domin mai kallo bai ga abin da za a yi asara ba.

Tun yaushe aka fara haɗa Mormon da labarin kisa?

Tun ƙarni na sha tara; mafi shahara shi ne labarin Sherlock Holmes na farko, A Study in Scarlet na Arthur Conan Doyle, a 1887. Kisan a Landan aka yi, amma rabi na biyu ya koma Utah, da auren dole da 'yan ɗaukar fansa na asiri. Doyle bai taɓa taka Utah ba a lokacin, ya dogara da jita-jitar zamaninsa. Wannan hoto ya daɗe yana bin su, shi ya sa fim ɗin Dutcher ya zama sabon abu: ɗan gida ne ya ba da labarin.

Yaya mabiyan suka karɓi waɗannan ayyuka?

Da sanyin jiki. Fim ɗin Dutcher da ya gabaci Brigham City, God's Army na 2000, kan 'yan mishan, ya tara sama da dala miliyan biyu da rabi. Brigham City bai kai miliyan ɗaya ba, duk da yabon masu sharhi. Wasu mabiya ba su ji daɗin ganin jini kusa da ibadarsu ba, wasu kuma sun ƙi a nuna addu'ar jibi a majigi. Dutcher da kansa ya sanar da barin cocin a 2007. Littafin Krakauer ya sha martani mai zafi daga cocin tun fitowarsa, shirin 2022 kuma ya ɓata wa mutane da yawa rai saboda ya kwaikwayi ibadar cikin haikali, wadda suka yi alƙawarin ba za su bayyana ba.

Mai son rubuta irin wannan labari ta ina zai fara?

Fara da taswira. Garuruwan nan tituna ne masu faɗi a miƙe, an lissafa su da lamba daga tsakiyar gari, ga kwatamin ban ruwa a gefe, ga duwatsu a baya. Shata iyakar wad, ka sanya gidan mamaci da na mai kisa a ciki. Sannan ka raba wa kowane ɗan wasa aikinsa na coci, domin shi ne ke ba shi mabuɗin gini, ko jerin sunayen yara, ko dalilin shiga gidan wani ba a tambaye shi ba. Tsayar da shekara, ka bi ƙa'idojin wannan shekarar.

Bayan haka ka yanke abin da bishop ya sani wanda ba zai iya faɗa ba, da ranar da ya san shi. Ka tanadi wanda za a zarga bisa kuskure, ka kuma nuna abin da zargin ya jawo masa bayan an wanke shi. Yawancin rubuce-rubuce a nan suke tsallakewa. Ka tuna rajistar mabiyi tana bin sa duk garin da ya koma, kuma ana iya sa mata alamar gargaɗi idan ya taɓa cutar da wani. Saboda haka idan mai kisanka baƙo ne da ya zauna ya zama ɗan gari, sai ka bayyana yadda rajistarsa ta iso da tsabta: ko da sunan wani ya zo, ko magatakarda bai nema ba. Rarraba labarin a kan Lahadi uku ko huɗu, kowace ta nuna yadda zaman majami'ar ya sauya: wa ya matsa daga kusa da wa, wane benci ya zama wayam.

Za a iya kallonsu da yara?

Brigham City na da alamar PG-13. Ba a nuna kisan ƙuru-ƙuru, amma akwai gawarwaki da maganar fyaɗe, don haka bai dace da 'yan ƙasa da shekara goma sha uku ba. Under the Banner of Heaven na manya ne zalla, tun kashin farko akwai jini da kisan jaririya. Shirin Hofmann ya fi sauƙi a ido, sai dai yana ɗauke da hotunan gaske na wuraren da bama-baman suka tashi.